Daga Adis Ababa zuwa Kanan-Bakashe: A Ina Shirin Harsunan Afirka Ya Maƙale?

Gabatarwa

A ƙarshen watan Yuli na 1986, shugabannin ƙasashen Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka hallara a Adis Ababa, suka amince da wani kundi da aka sa wa suna Shirin Aiki kan Harsunan Afirka. Kundin ba shi da tsawo, kuma abin da ya nema a fili yake: kowace ƙasa ta tsara manufa bayyananniya game da harsunanta, a karɓi dukan harsunan da ke cikin iyakokinta a matsayin dukiya ta kowa da kowa, a rage dogaro da harsunan waje wajen tafiyar da mulki, har na gida su karɓi ragama sannu a hankali, sa'an nan a yi koyarwa da su a kowane mataki na ilimi. Nijar tana cikin ƙasashen da suka ɗauki wannan alkawari.

Afirka ba ta da ƙarancin irin waɗannan kundaye. Akwai Shirin Legas na 1980, da Yarjejeniyar Abuja ta 1991, da NEPAD a 2001, da Ajandar 2063 wadda aka amince da ita a 2015. Wannan maƙala ta zaɓi na harsuna ne saboda dalilai biyu. Na farko, shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikinsu, domin ba ya bukatar madatsar ruwa ko layin dogo, malami da littafi da doka kawai yake nema. Na biyu, sauran shirye-shiryen duk a kansa suka jingina, tun da babu wani shirin noma ko na lafiya da zai isa ga manomin Gulbin Kaba ba tare da ya biyo ta harshen da yake ji ba. Idan mai karatu ya gane inda wannan shiri ya maƙale tsakanin Adis Ababa da ajin farko na wata lakwal a gundumar Mayahi, to ya gane ciwon da ke damun sauran.

Abin da Nijar ta riga ta mallaka

Ba za a ce shirin ya iske Nijar hannu rabbana ba. Tun a 1964, Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kafa hujja cewa makarantar da ta juya wa harsunan gida baya ba za ta taɓa zama ta jama'a ba. A 1966 aka yi taron Bamako ƙarƙashin UNESCO domin daidaita haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1968 aka kafa a Yamai, da ƙoƙarin su Bubu Hama, cibiyar tattara adabin baka wadda ta koma hannun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974, wato CELHTO. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci.

Bayan 1986 ma dokoki ba su yanke ba. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ce harsunan koyarwa su ne Faransanci da harsunan ƙasa. A 1999 aka fitar da ƙudurorin da suka tsayar da ƙa'idojin rubutun waɗannan harsuna. Dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. Da a ce taro da doka ne suke koya wa yaro karatu, da Nijar ta daɗe da zama abin koyi a nahiyar. Sai ga shi makarantun nan sun shafe fiye da shekara ashirin da biyar suna amsa sunan na gwaji, yawansu bai kai ɗari ba a ƙasa baki ɗaya, alhali binciken da aka yi a kansu a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar Jamus ta GTZ ya nuna ɗalibansu sun fi takwarorinsu iya karatu, kuma ba su kasa su ba ko a Faransancin kansa. Gwajin da ya ci nasara amma aka ci gaba da kiransa gwaji, ba sakamako ake jira ba, wani abu ne dabam ya hana. Wannan abin ne ya kamata mu bi sawunsa.

Raunin kundin kansa

Kafin a ɗora wa gwamnatocin ƙasa laifi, adalci ne a fara da takardar. Duk wanda ya karanta ta zai lura da kalmar da ta fi ƙarfi a cikinta, wato ƙarfafa gwiwa. Ana ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa su yi kaza, ana fatan su yi kaza. Ba a yanka wa kowace ƙasa wa'adi ba, ba a kafa asusu ba, ba a kuma tanadi hanyar tuhumar wadda ta yi ko-oho ba. Wannan sassauci gado ne. Tun a kundin da ya kafa ƙungiyar a 1963 an rubuta cewa harsunan aikinta su ne harsunan Afirka idan ya yiwu, tare da Ingilishi da Faransanci. Wannan ɗan sharaɗi na "idan ya yiwu" ya tsallaka har cikin kundin Tarayyar Afirka na shekarar 2000, kuma sai a 2022 aka karɓi Swahili a matsayin harshen aiki. Ƙungiyar da ta yi kira a daina dogaro da harsunan waje, da harsunan wajen ta rubuta kiran. Bugu da ƙari, ba a jima da amincewa da shirin ba aka rufe ofishin harsuna na ƙungiyar da ke Kampala, wanda shi ne ya kamata ya bi diddigin aikin.

Shekara ashirin bayan haka, a taron Kartum na Janairun 2006, aka sake ɗauko kundin aka kaɗe masa ƙura, aka ayyana 2006 shekarar harsunan Afirka, aka mai da cibiyar ACALAN ta Bamako, wadda Adama Samaseku ya fara jagoranta, hukumar Tarayyar, aka kuma amince da Yarjejeniyar Farfaɗo da Al'adun Afirka. Wannan yarjejeniya ba ta fara aiki ba sai a 2020, saboda jan ƙafar da ƙasashe suka yi wajen tabbatar da ita. A Janairun 2017, rahoton da Shugaba Paul Kagame ya gabatar kan gyaran Tarayyar ya faɗi abin da kowa ya sani: taron shugabanni ya zartar da ƙudurori fiye da 1,500, amma babu wata hanya mai sauƙi ta sanin nawa aka aiwatar. Shugaban ƙasa yana sa hannu a Adis Ababa ba tare da ya yi asarar ko dala ba, yana dawowa gida kuma babu mai tambayarsa.

Akwai darasi a wani ɗan taro da bai yi suna kamar waɗancan ba. A Janairun 1980, CELHTO ta tara masana daga Nijar da Nijeriya a Yamai domin daidaita rubutun Hausa. Kafin nan, a wannan ɓangare ana ninka wasali domin nuna tsawonsa, bisa tsarin Bamako, a wancan ɓangare kuwa ba a yi. Taron ya ɗauki matsala ɗaya tak, ya tara waɗanda aikin ya shafa, ya yanke shawara. Albarkacinsa ne ɗalibin Tasawa yake ɗaukar littafin da aka buga a Zariya ko Kano ya karanta ba tare da tuntuɓe ba, in ban da ɗan bambancin harafin ƴ. Abin da hukumar nahiya ta iya ke nan idan ta rage buri ta tsaya a kan aiki.

Zanen aro

Cikas na biyu kuɗi ne, amma ba ƙarancinsu kaɗai ba, har da inda suke fitowa. Shekara ɗaya bayan Shirin Legas, wanda ya ginu a kan dogaro da kai, Bankin Duniya ya fitar da rahoton Berg a 1981, kuma shi ne ya yi rinjaye, domin bayansa akwai bashi, bayan na Legas kuwa sai fatan alheri. Nijar, wadda kasuwar yuraniyom ta juya wa baya a farkon shekarun 1980, ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu. Shirin harsuna na 1986 ya zo daidai lokacin da ake ƙirga kowane malami a matsayin nauyi. Faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin takarda da na ɗab'i. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malamai ƴan kwantaragi, har suka zama mafi rinjaye a makarantun firamare, da ƙaramin albashi da gajeren horo.

Ta haka koyarwa da harsunan ƙasa ta faɗa hannun masu ba da agaji. Ba za a yi musu butulci ba: littattafan Hausa da na harsuna biyu da maɗaba'ar Albasa ta fitar a Yamai da tallafin Jamus suna cikin mafi kyau da aka taɓa bugawa a ƙasar nan, haka kuma shirin ELAN na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ya horar da malamai a shekarun 2010. Amma aikin agaji yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan ya tashi, motarsa ta tashi, horon ya tsaya, littafin da ya yage ba a sake buga shi, malamin da aka horar a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ba a jin harshen da aka horar da shi a kai, a kawo wa makarantar wani wanda bai taɓa rubuta ƙ ko ɗ a allo ba. Yaron da ya fara a tsarin harsuna biyu sai ya wayi gari a aji na uku cikin tsohon tsari, ya rasa tudun dafawa nan da can. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 masu ba da agaji da dama suka dakatar da taimakonsu, a Maris na 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar masu Faransanci. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ita kanta Tarayyar da zanen aro take yawo, domin mafi yawan kuɗin shirye-shiryenta daga waje suke zuwa, abin da ya sa taron Kigali na 2016 ya yanke harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su, wanda har ila yau ba dukan ƙasashe suke tarawa ba.

Ƙofar jarrabawa

Cikas na uku ya fi waɗancan ɓoyuwa, kuma mu malamai muna cikinsa dumu-dumu. An saba jin ana zargin iyaye da ƙin makarantar Hausa, ana kiran abin jahilci. Wannan zargi ba shi da tushe. Uban da ya sayar da buhun wake domin ya tura ɗansa kwaleji ya yi lissafinsa sarai. Ya ga jarrabawar BEPC da Faransanci ake yin ta, ta BAC haka, gasar shiga aikin gwamnati haka, takardar haihuwa da ta gona da hukuncin kotu duk haka. Ya kuma lura cewa manyan da suke yabon harsunan ƙasa a rediyo ba sa kai nasu ƴaƴan makarantun gwaji. Me zai sa ya yarda a yi gwaji da nasa? Harshe yana samun daraja a makaranta ne gwargwadon ƙofofin da yake buɗewa bayan makaranta.

A nan ne manufar nahiya take cin karo da maslahar waɗanda aka damƙa wa aiwatar da ita. A ƙasar da ƙalilan ne suke sarrafa Faransanci da kyau, iya shi jari ne, kuma da shi ake samun kujera. Neman ma'aikacin da wannan jari ya ɗaukaka ya rage masa daraja da hannunsa, abu ne mai wuya ko da mutum yana da kyakkyawar niyya. Ba sai an yi wata maƙarƙashiya ba. Ya isa a bar dokar 1998 ba tare da cikakkun matakan zartarwa ba, a bar jarrabawa yadda take, a bar makarantun horon malamai suna ba harsunan ƙasa ɗan abin da ya rage na lokaci. Mai koyar da Faransanci da Hausa a kwaleji ɗaya ya fi kowa sanin wane darasi ne ɗalibai suke tsoron faɗuwa a cikinsa, wane ne kuma suke ɗauka hutu. Ya kuma san cewa raunin Faransancin da yake fama da shi a aji na farko na kwaleji, asalinsa yaro ne da ba a taɓa koya masa karatu da harshen da yake tunani da shi ba.

Inda sauran shirye-shirye suke tuntuɓe

Matsalar ba ta tsaya a aji ba. Zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004 ya ba garuruwa irin su Kanan-Bakashe majalisa da magajin gari, tsarin da ya ci gaba har zuwa Afrilun 2024 da aka rushe majalisun. A zaurukan nan da Hausa ake muhawara, amma da Faransanci ake rubuta abin da aka yanke, haka kasafin kuɗi, haka kundin raya ƙaramar hukuma, wanda sau da yawa ƙwararre ne daga birni yake tsara shi. Wakilin da jama'a suka zaɓa yakan ɗaga hannu ya amince da takardar da ba zai iya karantawa ba, balle ya bi sawunta. To, ta wannan ƙofa ce ake sa ran alkawarin Maputo na 2003, na ware kashi 10 cikin ɗari na kasafi domin noma, ko burin Ajandar 2063, zai bi ya isa gona.

A gwada wannan da abin da ya faru a gonakin jihar Maraɗi. A 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da babban shingen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da kadada miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kimanin kadada miliyan 4 aka yi a yankin da aka shata. Amma tun daga 1983 da fari na 1984, manoman Maraɗi suka fara wata dabara: maimakon a tumɓuke kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi tsiro mafi ƙarfi a gyara shi ya zama itace. Tony Rinaudo da abokan aikinsa sun taimaka wajen yaɗa ta, manomi ya koya wa manomi, har masana suka ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin lura ga masu sha'awar harshe shi ne dabarar ta sami suna na gida, sassaben zamani, suna da ya ɗauko aikin da kowa ya gada ya ƙara masa kalma ɗaya. Manomi ya ga gawo yana gyara masa hatsi, ya ji bayanin da harshensa, ya tabbata itacen nasa ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Matsayin Hausa a 2025

Kundin Sake Gina Ƙasa da aka ƙaddamar a ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ya kuma lissafa sauran a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. Abin mamaki, wannan mataki ya zo bayan Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a Agustan 2023, wato ba shirin nahiya ne ya haife shi ba, siyasar cikin gida ce. Shekara 39 ke nan tsakaninsa da alkawarin Adis Ababa.

Murna ta halatta, amma tarihin da muka bi ya koya mana tambayoyin da za mu yi. Da wane harshe za a yi jarrabawa? Wa zai horar da malamai, da kuɗin wa? Wa zai ƙirƙiro kalmomin lissafi da kimiyya da shari'a, kuma za a daidaita su da na Kano da Sakkwato ko kowa zai kama gabansa? Sa'an nan akwai wani sashe na kundin 1986 da ya kamata Bahaushe ya fi kowa riƙewa, wato wanda ya ce a karɓi dukan harsunan ƙasa a matsayin dukiya. Ƙorafin da masu wasu harsuna suka yi bayan fitowar kundin na 2025 ba abin rainawa ba ne. A gundumar Mayahi kanta akwai ɗan Fulani da ɗan Buzaye da suke zama a benci ɗaya da ƴaƴanmu. Hujjar da muka daɗe muna kafawa, cewa yaro ya fi koyo da harshen uwa, ba ta daina aiki idan aka zo kansu. In Hausa ta yi musu abin da Faransanci ya yi mata, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kammalawa

A taƙaice, shirin nahiya yakan maƙale a wurare huɗu: a takardar da ba ta ɗaure kowa ba, a aljihun da ba namu ba, a hannun ma'aikatan da canjin zai taɓa matsayinsu, da kuma a harshen da jama'a ba sa ji. Na farko da na biyu sun fi ƙarfin malamin ƙauye. Na uku da na huɗu kuwa akwai rabonmu a ciki. Ƙungiyoyin malamai suna iya sanya batun jarrabawa da horo cikin harsunan ƙasa a jerin bukatunsu, kusa da na albashi, domin nan ne za a gane ko dokar 2025 da gaske take. Ƙungiyoyin al'adu suna iya fassara kundin 1986 da kasafin ƙaramar hukumarsu, su karanta su a gidajen rediyon karkara, domin alkawarin da talaka bai ji ba, ba zai nemi a cika masa shi ba. Malaman kwaleji na Tasawa da Mayahi suna iya zama su tattara kalmomin da kowannensu yake amfani da su wajen bayyana darasi, su miƙa wa INDRAP da sashen harsuna na jami'a, kamar yadda masanan 1980 suka ɗauki matsala ɗaya suka gama da ita. Adis Ababa ta faɗi nata tun 1986, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai hau ya toshe kafin damina.